Loveless, Souvlaki ko Nowhere: wanne ya kamata ka fara saurara?

Duk wanda ya fara leƙa kiɗan jitar nan na Birtaniya da ake kira shoegaze, sunaye uku zai yi ta cin karo da su: Nowhere na ƙungiyar Ride, wanda ya fito a watan Oktoba na 1990, da Loveless na My Bloody Valentine a watan Nuwamba na 1991, sai Souvlaki na Slowdive a 1993. Kamfani ɗaya ne ya fitar da su duka, wato Creation na Alan McGee da ke Landan. A 2016 mujallar Pitchfork ta jera kundaye 50 mafiya kyau a wannan salo, ta sa Loveless a kan gaba, Souvlaki na biyu, Nowhere na uku. Ba mu da ja a kan wannan jeri. Inda ɓarnar take shi ne mutum ya ɗauke shi a matsayin tsarin saurare, ya fara da Loveless, kafin minti biyar ya zare iyafis ya ce hayaniya ce kawai. Wanda ya fi daraja daban, wanda ya fi dacewa a fara da shi daban.

Sunan salon ma'anarsa kallon takalmi. 'Yan jaridar Ingila ne suka laƙaba shi don zolaya, saboda makaɗan kan tsaya a kan dandamali kai a sunkuye, ba rawa ba tsalle. Ba takalmi suke kallo ba. Ƙananan akwatunan ƙarfe ne jere a gabansu, waɗanda ake takawa da ƙafa don sauya amon jita, wani ya ƙara masa kaushi, wani ya maimaita shi, wani ya ba shi amsa-kuwwa.

Akwai abin da ya kamata mai kunnen Hausa ya sani tun kafin ya danna komai. Mu a wajenmu magana ce uwar waƙa. Mawaƙi ya faɗi, 'yan amshi su karɓa, kalangu ko kotso ya raka, kuma idan ba ka ji abin da aka ce ba, to ba ka ji waƙar ba. A shoegaze an kife wannan tsari. Murya kayan kiɗa ce kamar sauran, sau da yawa ma an tura ta bayan jita da gangan. Ko Baturen Ingila ba ya tsintar duk kalmomin Loveless, kuma kundin bai zo da rubutattun baitoci ba. Saboda haka tambayar da za ta raba maka gardama ita ce: idan aka ɗauke maka kalmomi, me kunnenka zai kama ya riƙe? Idan ganga ce, Nowhere. Idan karin murya ne, Souvlaki. Idan kuwa amon kansa ya ishe ka abin bi, Loveless.

Nowhere

Ride samari huɗu ne daga Oxford, Mark Gardener da Andy Bell a kan jita da rera waƙa, Steve Queralt a kan jitar bas, Loz Colbert a kan ganguna. Lokacin da kundin ya fito shekarunsu ba su wuce 20 zuwa 22 ba, kuma ana jin wannan ƙuruciya a cikinsa. Cikin ukun shi ne ya fi kusa da rok na asali, ƙungiya ce da ke kaɗawa tare, za ka iya nuna hannun kowa. Waƙar farko, Seagull, tana tashi da bas mai zagaye wuri ɗaya, ganguna suna tura ta har minti shida, jitoci suna ƙara kauri a hankali har su rufe komai. Dreams Burn Down kuwa da ganga kaɗai take buɗewa, bugu mai nauyi da jinkiri kamar a cikin babban zaure ake yin sa, sannan jita ta shigo a tsanake, can sai ta ɓarke da ƙara, ta lafa, ta sake ɓarkewa. Colbert ne ƙashin bayan wannan kundi, kuma duk lokacin da jitoci suka nemi ɓatar da kai, bugunsa ne zai dawo da kai hanya.

Vapour Trail, wadda ta rufe faifan asali, an gina ta a kan jita mai tsirkiya 12, kuma ta ƙare da kayan goge na Turawa su kaɗai. Wannan ita ce waƙar da za ka kunna wa wanda bai taɓa jin salon ba, ba tare da ka yi masa wani dogon bayani ba.

Raunin kundin a fili yake. Muryoyin Gardener da Bell sirara ne, suna tafiya tare ba hawa ba sauka sosai, kuma wanda ya saba da mawaƙa masu cikar murya zai ji kamar ba su karya kumallo ba. Haɗin sautin ma ya karkata ga kaifi, faifan ƙarfen ganga da saman jita suna da yawa, don haka a iyafis mai arha yana gajiyar da kunne da wuri. Tsakiyar gefe na biyu na faifan, wajen Decay da Paralysed, ba ta kai farko da ƙarshe ƙarfi ba. Ya kai mataki na 11 a jadawalin cinikin Birtaniya, sama da sauran biyun. Wanda ya saba da jitar Agadas irin ta Bombino ko Mdou Moctar, inda ake maimaita salo ɗaya ganga tana ƙara wuta har ya tafasa, nan ne zai fi saurin samun wurin zama.

Souvlaki

Sunan na wani abincin Girka ne, nama a tsinke da ake gasawa, ɗan'uwan tsire. Ba shi da wata alaƙa da abin da ke cikin kundin. Slowdive mutum biyar ne daga garin Reading, da Neil Halstead da Rachel Goswell a gaba. Su biyun sun san juna tun suna yara, sun yi soyayya, sun rabu gab da wannan aiki, kuma sun ci gaba da rera waƙa a makirufo kusa da juna. Kundin na rabuwa ne daga farko har ƙarshe. Kamfanin ya ƙi karɓar tarin waƙoƙin da suka fara kawowa, suka koma suka sake lale. Sun nemi Brian Eno, fitaccen mai tsara sautin kundaye na Ingila, ya jagoranci aikin, bai amince da wannan ba, amma ya zauna da Halstead na 'yan kwanaki, har hannunsa ya fito a waƙoƙi biyu, Sing da Here She Comes.

Waƙa 10 ne, minti 40 da ɗoriya kaɗan. Abin da ya sa muke ganin shi ne ƙofar da ta fi dacewa da yawancin mutane shi ne, a nan akwai waƙa ta gaske a ƙarƙashin hazon. Cire duk na'urorin daga Alison ko When the Sun Hits, ka bar jita ɗaya da murya, za su tsaya da ƙafarsu. Dagger, wadda ta rufe kundin, kusan haka ma aka bar ta, jitar katako da murya a kusa da kunne. Ana jin kalmomin idan aka kasa kunne. Tunda ana jin su, yana da kyau a sani cewa akwai ambaton taba da ƙwaya a Alison, kuma baƙin cikin da ke Dagger mai nauyi ne, ba irin wanda za a kunna wa mai sabon ciwon zuciya ba tare da tunani ba.

Yadda suke gina sautin ya bambanta da na Ride. Ba kaushi suka dogara da shi ba, maimaici ne da amsa-kuwwa mai tsawo. A taɓa tsirkiya sau ɗaya, na'ura ta maimaita ta sau da yawa tana dusashewa, kafin ta mutu an taɓa wata, sai su hau kan juna su zama kamar labule. Ka saurari When the Sun Hits da kyau wajen minti ɗaya na farko. Jita tana ɗiga ɗaya-ɗaya, bas yana tafe a ƙasa, murya a kwance, sai ganga ta buɗe ƙofa, komai ya faɗaɗa lokaci guda, amma ba abin da ya soki kunne. Souvlaki Space Station ta ɗauko dabarar dub, wani reshen kiɗan reggae na Jamaika, bas ya riƙe ƙasa daram, jita tana yawo daga kunnen hagu zuwa na dama. Wannan waƙa ita ce ma'aunin iyafis ɗinka. Idan ba ka ji bas ɗin a matsayin abin da ke ɗauke da waƙar ba, laifin na'urarka ne.

Shi ma yana da inda yake sanyi. Bayan When the Sun Hits tafiyar tana raguwa, Altogether da Melon Yellow suna iya wucewa ba ka lura ba a saurare na farko. Ba kundin cikin mota ba ne, ba kuma na kusa da janareta ba, domin rabin kyansa yana cikin wuraren da sauti ya yi ƙasa, kuma ƙugin inji yana cinye su tas. Da ya fito jaridun kiɗa na Ingila sun yi masa ca, ya tsaya a mataki na 51, lokacin hankalin kowa ya koma kan sabon yayin rok na Birtaniya da ake kira Britpop. Shekaru ne suka wanke shi. Bayan ta watse, ƙungiyar ta dawo a 2014, kuma yau matasan da ba a haifa ba a 1993 suna cikin masu cika wuraren wasanta.

Loveless

Wannan sai an zauna. My Bloody Valentine a Dublin aka kafa ta a 1983 kafin ta koma Landan. Mutum huɗu ne a suna, Kevin Shields, Bilinda Butcher, Debbie Googe da Colm Ó Cíosóig, amma a wannan kundi Shields ne ya kaɗa kusan duk jitoci har da bas. An fara aikin a 1989, aka gama a 1991, bayan an zagaya situdiyo 19. An daɗe ana yaɗa cewa ya ci fam 250,000, Shields ya musanta wannan adadi, amma abin da ba a musu a kai shi ne kamfanin ya rabu da su jim kaɗan bayan fitowarsa. Mataki na 24 ya kai. Sai a 2013 ƙungiyar ta sake fitar da cikakken kundi.

Abin da ya raba shi da kowane kundin jita shi ne hannun dama na Shields. Jita ƙirar Fender Jazzmaster da Jaguar suna da wata doguwar sanda ta ƙarfe a ƙasan tsirkiyoyi. Idan ka danna ta tsirkiyoyin su saki, sauti ya sauka, idan ka sake ta ya koma inda yake. Yawancin makaɗa sukan taɓa ta jefi-jefi don ado. Shi kuwa yana riƙe da ita a tafin hannu duk tsawon lokacin da yake kaɗawa, don haka kowane bugu sai ya ɗan nutse ya taso. Wanda ya san yadda makaɗin kalangu ke matse tsirkiya a hammata ya lanƙwasa muryar ganga ya riga ya fahimci dabarar, sai dai a nan tsirkiya shida ne ke lanƙwashewa tare. A kan wannan ya ɗora amsa-kuwwa juyayya, daga na'urori irin su Yamaha SPX90. Amsa-kuwwa ta yau da kullum da ƙarfi take farawa ta dusashe. Juyayya kuwa daga shiru take tasowa ta kumbura ta yanke. Idan aka haɗa biyun, farkon bugun tsirkiya yana ɓacewa, kunne ya rasa inda sauti ya fara da inda ya ƙare. Shi ya sa sabon mai saurare kan zaci kaset ne ya sha rana, musamman a To Here Knows When. Ba lalacewa ba ce, haka aka nufa. Mutane da yawa suna zaton jitoci barkatai aka tara a kan juna, alhali Shields ya sha bayyana cewa ba su da yawa, lanƙwasar ce ke sa ɗaya ta yi kamar goma.

Gangunan ma ba kamar na Ride ba ne. Ó Cíosóig ba shi da lafiya a lokacin, sai aka naɗi bugunsa guntu-guntu aka jera da na'ura, waƙoƙi biyu kaɗai ya kaɗa kai tsaye. Sakamakon haka ganga a nan siririya ce, an tura ta baya, ba za ta riƙe maka hannu ba. Muryoyin Butcher da Shields an naɗe su sau da dama an ɗora a kan juna, har wani lokaci ba ka rabe ta mace da ta namiji.

To me zai sa mutum ya jure? Saboda a ƙarƙashin wannan ƙura akwai kari mai daɗi ƙwarai, kuma ranar da kunne ya gano shi ba ya sake ɓacewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙoƙarin kutsawa ta cikin jita don a kai ga murya, kamar mai leƙen wani abu ta bayan zana. Jitar ita ce waƙar. Hanyar da ta fi aiki ita ce ka fara da When You Sleep, wadda karinta ke fili tun daƙiƙar farko, sannan Sometimes, inda babu ganga sam sai jita mai kauri da murya a ƙasa-ƙasa, sannan Soon mai kusan minti bakwai da bugun rawa. Idan waɗannan uku sun zauna, koma farko ka bi waƙoƙi 11 ɗin a jere, minti 48, daga bugun ganga huɗu da ke buɗe Only Shallow. Ka ba shi saurare uku a ranaku daban-daban kafin ka yanke hukunci. Kada ka kunna zaɓin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, domin akwai gajerun kiɗe-kiɗe a wutsiyar wasu waƙoƙin da aka yi su don su miƙa ka ga ta gaba.

Abin da za ka saurara da shi

Sau da yawa ba kundin ne ke kayar da mutum ba, na'urar ce. Lasifikar waya ba ta fitar da bas, kuma idan babu bas, Nowhere ya zama ƙarar kwano, Souvlaki ya rasa ƙasan da yake tsaye a kai, Loveless ya koma shuuu kamar rediyon da ya ɓace tasha. Iyafis mai waya na matsakaicin kuɗi wanda ke toshe kunne da kyau ya fi ƙaramar lasifikar Bluetooth nesa ba kusa ba. Idan kunne ɗaya na iyafis ɗinka ya mutu, Loveless zai jure, domin akasarin sautinsa a tsakiya aka tara shi, amma Souvlaki zai yi asarar yawon da jita ke yi tsakanin hagu da dama. Ka kashe duk wani ƙarin bas ko sautin kewaye da wayar ke da shi, suna dagula abin da aka riga aka auna.

Sai nauyin fayil. Dabarar MP3 ita ce zubar da sassan sautin da take ganin kunne ba zai lura da su ba. A waƙar da ke da murya da 'yan kayan kiɗa kaɗan, ba a cika jin asarar ba. A kiɗan da ya cika kowane gurbi da amo, fayil mai 96 ko 128 kbps (ma'aunin ingancin fayil ɗin sauti) yana sa saman sautin ya riƙa walainiya kamar ana wasa da ruwa a kwano, kuma irin fayilolin da suka yi ta yawo daga waya zuwa waya galibi haka suke. Nemi 256 ko 320. A 320, Loveless zai ci maka kusan megabait 115, Souvlaki kusan 96, waƙoƙi takwas na asalin Nowhere ƙasa da haka kaɗan. Sauke su sau ɗaya ya fi sauƙin data a kan maimaita su ta intanet, tunda kundaye ne da sai an yi ta komawa.

Kiɗan yana son a ɗaga murya, musamman Loveless, wanda a ƙasa-ƙasa ba ya buɗewa. Amma kaushin jita yana ruɗar kunne, mutum ya yi ta ƙarawa bai sani ba. Iyakar da NIOSH, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta sa wa ƙarfin sauti ita ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wato desibel 100 minti 15 ne kacal. My Bloody Valentine da kansu sun raba wa 'yan kallo abin toshe kunne kyauta a wasanninsu na 2008. Idan ka cire iyafis ka ji kunnenka yana ƙara, ka wuce iyaka.

Wajen zaɓen bugun faifan da za ka nema ma akwai tarko. Faifan asali na Nowhere waƙa takwas ne, ya ƙare da Vapour Trail. Bugun CD ya ƙara uku, wasu bugu na baya sun kai 15. Ƙarin ba su da laifi, Taste ma tana cikin mafiya daɗin waƙoƙinsu, amma a saurare na farko ka tsaya a ta takwas, nan aka nufi a ƙare. Haka Souvlaki, bugun Amurka na 1994 ya ɗora waƙoƙi bayan Dagger, kuma duk abin da ya biyo bayan Dagger yana ɓata shirun da ta bari. Loveless an sake gyara sautinsa a 2012 a faifai biyu, ɗaya daga naɗin dijital na asali, ɗaya daga tef na analog, kuma bambancinsu sai mai kayan saurare masu kyau zai kama shi. Tun 2021, da ƙungiyar ta koma kamfanin Domino, ana samun sa a manhajojin saurare, kuma wannan ya wadatar.

Ga mai kaɗa jita da ke son koyon salon, lissafin ya ɗan sauya. Nowhere ya fi sauƙin kwaikwayo, akwatin kaushi ɗaya da abokin ganga mai ƙarfi sun kai ka rabin hanya. Souvlaki yana buƙatar maimaici da amsa-kuwwa, kuma kuskuren masu koyo shi ne cika kaɗawa. Idan na'ura tana maimaita maka, rage bugu, in ba haka ba sautin ya cakuɗe ya zama taɓo. Loveless ya fi tsada, domin ba kowace jita ke da irin waccan doguwar sanda mai laushi ba. Ta jita ƙirar Stratocaster gajera ce kuma ta fi tauri, tana saukar da sauti da yawa a ɗan dannawa. Motsin da ake so kaɗan ne ƙwarai, nauyin hannu kawai, kuma idan ka danna da ƙarfi tsirkiyoyi za su saki saiti kafin ka kai ƙarshen waƙa. Jerin akwatunan ma yana da tasiri. Idan amsa-kuwwa ta zo bayan kaushi, za ka ji jita a cikin babban ɗaki. Idan ta zo kafin kaushi, kaushin zai murƙushe ta su zama bango ɗaya, kuma wannan na biyun shi ne ya fi kusa da abin da masu koyo ke nema.

Shawararmu ga mafi yawan masu karatu ita ce Souvlaki da farko, da dare, wuri shiru, iyafis biyu. Wanda jininsa ke son ganga, ko ya taso da rok, ya fara da Nowhere ya biyo da Souvlaki. Loveless ya zo na biyu ko na uku, sai fa ga wanda ya riga ya saba da kiɗan gwaji, irin wanda amo kaɗai ke isar sa, shi kam ya faɗa kai tsaye. Amma idan kuɗin faifai ɗaya kake da shi kuma kana son wanda za ka shekara goma kana tsintar sabon abu a ciki, Loveless za ka saya.

Daga nan hanya ta rabu uku. Wanda Nowhere ya kama shi ya nemi Going Blank Again na 1992, inda Ride suka fi tsabtar sauti da ƙarfin murya. Wanda Loveless ya kama ya koma baya zuwa Isn't Anything na 1988, ya ji ƙungiyar tun gangunanta na da haƙora. Wanda kuma ya fi son wuraren da Souvlaki ya yi shiru, to Pygmalion na 1995 ke jiran sa, inda Slowdive suka kusan ajiye ganga da baiti gaba ɗaya, suka bar 'yan sautuka suna zagaye a fili. Kamfanin ya sallame su mako guda bayan fitowarsa. Kafin ka shige shi, saurari Laughing Stock na ƙungiyar Talk Talk, na 1991, zai koya wa kunnenka haƙurin da Pygmalion ke bukata.